Ranar da Kitsen Ɗanjuma Ya Sauka

Ku da kuke zuwa rumfata kuna cewa in koya muku sayar da hanta, kun ɗauka aikin shi ne a yanka, a ɗora a sikeli, a miƙa wa mata masu buka, masu sayar da abinci. Wannan ko wanda ya yi sati biyu a wurin ya iya. Abin da muke kira sana'a shi ne sayen ciki. Sa yana tsaye da ƙafafunsa a kara, wato kasuwar shanu, yana tuƙa abinsa. Mahauci ya saye shi don tsoka, kai kuma ka zo ka sayi abin da ke cikinsa tun ba a kayar da shi ba: hanta, huhu, tumbi, hanji, saifa da zuciya. In aka farke aka ga hanta ja sumul, rabonka ne. In aka ga ta lalace, mai duba nama zai tsattsaga ta a gabanka ya zuba mata magani mai wari, ka koma da daro wayam. Don haka aikinmu shi ne ganin hanta daga waje. Na haura shekara talatin ina yin sa a Agege, kuma gara ku ji tun yanzu cewa idon da ya iya wannan aiki ba a kan shanu kaɗai yake tsayawa ba. Ni a kan abokina Ɗanjuma ya tsaya, na gani, na yi shiru.

Mu huɗu jirgin ƙasa ya sauke a Iddo muna samari: ni, da Ɗanjuma, da Hamisu, da Garba Dogo. Ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Kazaure, damina ɗaya aka haife mu, wanzami ɗaya ya cire mana beli ya yi mana bille a kumatun hagu muna jarirai. Shi ya sa a abatuwa ba a wahalar da baki wajen kiran sunayenmu, 'yan bille kawai ake cewa. Rumfa ɗaya muka kama daga baya. Su ukun suna yanka da awo da hulɗa da masu saye, ni nake shiga kara in zaɓo ciki.

Aikin farko da maigidana Baba Nomau ya ba ni ba na wuƙa ba ne. Mutumin Tawa ne daga Nijar, gajere, ba ya dariya. Ya sa ni zama gaban daro uku cike da hanta, ya ɗaure mini ido da tsumma, ya ce in ware masu kyau da hannu da hanci. Kwana arba'in ina wannan, 'yan kwata suna wucewa suna ce mini makahon Nomau. A nan na san cewa hanta mai lafiya bakinta siriri ne, in ka danna tana dawowa. Wadda tsutsa ta ci bakinta ya dakushe, in ka bi da yatsa sai ka ji jijiyoyi sun yi tauri, wuƙa in ta shiga tana ƙaras-ƙaras kamar a yashi. Akwai kuma wadda ta fi su duka muni, mai ƙulle-ƙulle kamar an cusa mata goro. Ita tana da wari nata na daban, ba warin ruɓa ba. Wani ɗan zaƙi-zaƙi ne, kamar gwanda ta nuna ta wuce a rufaffen ɗaki. In ka shaƙe shi sau ɗaya ba ya barin hancinka.

Sai da na iya wannan ya kwance mini ido ya kai ni kara. Ya koya mini jan fatar idon sa in duba ko ta yi fari ko rawaya, da taɓa ƙarƙashin haɓa ko ya tara ruwa, da sa hanci kusa da bakinsa yana huci. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne kitse.

"Dubi tozo, dubi gindin wutsiya," in ji shi. "San da yunwa ta ramar, ko'ina yake ramewa, har ciki ya shafe. Amma in ga abinci gabanai yana ci, kitse yana gudu, ciki kuma yana nan cike, kak ka taɓa. Hantatai ta tafi. Kitse shi ka fara gudu."

Sannan ya ba ni doka, kuma ita ce dokar kara har gobe. In ka ga aibi a dabbar da ba za ka saya ba, ba ka faɗa. Ka gani, ka wuce. In ka buɗe baki ka ɓata wa mai dabba ciniki, ka ɓata wa mahauci, gobe ba wanda zai bar ka kusa da garkensa. Sau ɗaya na karya ta ina sabo, na ce wa wani dillali, "Wannan ai cikinsa ya mutu." Baba Nomau ya hana ni shiga kara wata biyu.

Wani farin sa nake tunawa, ƙato, daga wajen Chadi aka kawo shi. Duk masu sayen ciki sun yi masa caa. Iya Muinat, wadda take da buka a Abule Egba kuma ta fi kowa ɗibar hanta a wurina, ta zo da kanta ta tsaya bakin shinge tana cewa, "Oga Iro, wannan nake so, edo ɗinsa zai cika daro." Edo hanta ke nan da Yarbanci. Na shiga na shafa shi, na sunkuya wajen bakinsa, na miƙe na fito. Ta bi ni da masifa har bakin titi, rabi Yarbanci rabi Hausa, wai tsufa ya fara kama ni. Da aka farke shi, hantar ta fito kamar buhun tsakuwa. Tun daga ranar ba ta ƙara danna hantata da babban yatsa ba kafin ta ɗauka.

Muguwar shekararmu da Hamisu ta fara. Ya rame, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura har riga ba ta rufe shi. Aka sa shi a mota aka kai gida, bai yi wata biyu ba. Kafin damina ta zagayo Garba Dogo ya bi shi, ciwo iri ɗaya sak, kamar an kwafa. Daga nan magana ta tashi cewa rumfar 'yan bille ce take cin masu ita. Sarkin fawa ya sa aka sauke Alƙur'ani, aka fasa simintin ƙasa aka tona. Ba a sami komai ba sai ƙasusuwan shanu da wani tsohon kwaɗo a kulle, ya yi tsatsa. Da ma ba a same shi ba, don shi ya ƙara hura abin. Mata masu saye suka daina shigowa ƙarƙashin kwanon. Sai su tsaya can cikin rana su miƙo leda da tsawon hannu. Iya Muinat ma okada take aikowa. In na wuce ta layin masu fata sai hira ta tsaya, kuma da kunnena na ji wani yana cewa, "Saura biyu."

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Wata shida kafin Garba ya kwanta, na ɗauki rigarsa a kan ƙusa in matsar da ita, sai na ji warin nan na gwanda. Na ce wa kaina ai rumfar hanta ce, komai na cikinta zai yi warin hanta. Na rataye ta na ci gaba da wasa wuƙata.

Ɗanjuma tsoro ya kai shi asibiti. Ni ban je ba. Ya dawo da magana biyu. Ta farko, an ce yana da ciwon hanta a jini, nau'in da ake ce wa B, ya riƙa komawa duk wata shida ana duba shi. Ta biyu, kitsen jininsa ya yi yawa, abin da likitoci ke kira kolestarol. Ta farkon bai riƙe ta ba, don ba inda ke masa ciwo, kuma ƙwayar cuta ba abar da ya taɓa gani ba ce. Amma kitse ya san shi, da hannunsa yake yanke shi kullum. Sai ya tattara duk tsoronsa ya ɗora a kan kitse. Bai ƙara komawa asibitin ba. Wani ɗan ɗakin gwajin jini ya samu a bakin titi, duk bayan 'yan watanni ya je a auna masa kitse kawai, ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa. Yana kuma shan wani jiƙo mai ɗaci da yake saye a tasha. Abinci kuwa bai rage komai ba. Tozo, kakide, tsire da rana tsaka, duk yana ci.

Shekaru suka wuce a haka, mutane suka manta, mata suka dawo inuwa. Sai lambar ta fara sauka. Takarda ta biyo takarda, kowacce ƙasa da ta baya. Ranar da mai gwajin ya ce masa yanzu kitsensa ya yi ƙasa da na yaro, Ɗanjuma ya sayi rago ya ce kowa ya zo gidansa bayan sallar Juma'a.

Na je. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, rana tana dukan kwano, mata suna suya. Ya tsaya a tsakiya da takardar a hannu yana nuna wa mahauta, waɗanda rabinsu ba su iya karanta ta ba.

"Ku da kuka ce saura biyu, ina kuke? Ga shi nan baƙi da fari, jinina ya wanke! Iro, zo nan, mai tumbin banza. Kai ne za ka riga ni, wallahi. Dubi wuyanka kamar na bajimi."

Aka yi dariya. Na je ya rungume ni. Yana dariya a fuskata, sai hucinsa ya same ni. Hannuna na dama kuma, ban aike shi ba, ya sauka a gefen cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, inda yake sauka a jikin sa. Abin yana nan, da tauri, bakinsa a dakushe, da ƙulle-ƙulle. Na ja baya na dube shi sosai, irin duban kara. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Gefen goshinsa ya lotsa. Ciki kuwa yana nan cike.

Na zauna aka ba ni cinyar rago, na ci. Na ce Allah ya ƙara lafiya. Na tafi gida.

Kwana goma sha tara na yi ban ce masa komai ba. Kada ku ce mugunta ce, kuma ba zan ce tausayi ba ne. Shekara talatin na horar da bakina ya rufe a daidai lokacin da hancina ya gano abu, to ya rufe. Da safe mu buɗe rumfa, ya yanka, in auna, yana ta ba masu saye labarin jiƙonsa.

Shi ya kama ni. Wata safiya na miƙa masa ƙugiya, hannuna ya taɓa nasa, sai ya ajiye wuƙa.

"Iro."

"Na'am."

"Ka goge hannunka a riga."

"Jini ne."

"Ba jini a hannunka. Shekara nawa ina tsaye bakin shinge ina kallonka a kara? In ka taɓa san da ba ka so, ba ka magana, sai ka goge hannu a riga ka dubi wani wuri. Tun ranar ragona kake yi mini haka." Ya zagayo teburin ya tsaya a gabana, ya buɗe hannuwa kamar mai jiran awon tela. "To dillali, ga ni. Da ni sa ne, za ka sayi cikina?"

Akwai mata biyu a tsaye suna jira. Na ce, "Ba zan saya ba."

Ya yi 'yar dariya. "Ko a rabin kuɗi?"

"Ko kyauta."

Sai ya sallami matan da kansa, ya wanke hannu, ya sa hularsa. Muka rufe rumfa da hantsi, muka shiga motar haya ta danfo zuwa asibiti.

Likitar da ta gan mu Bayarabiya ce, ta yi bautar ƙasa a Arewa, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ɗanjuma ya zazzage mata takardun hularsa, don har a lokacin yana ganin su ne shaidarsa. Ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kan tebur bisa kwanan wata, ta bi su da bayan biro.

"Baba, kana shan maganin rage kitse?"

"Jiƙo dai."

"Ka daina cin nama?"

"Ni? A ina nake aiki?"

Ta ce yawancin kitsen da ake aunawa a jini ba daga kwano yake zuwa ba, hanta ce take ƙera shi. In mutum ya gyara cinsa ko yana shan magani ya sauka, abin murna ne. Amma mai ciwon hanta a jini, yana cin abin da ya saba, lamba tana ta gangarawa da kanta, musamman ɓangaren da suke kira mai kyau, to sau da yawa ba jinin ne ya wanke ba, mai ƙerawar ce take gazawa. Ta ce wannan shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon daji, amma yana cewa a je a dubi hantar. Ta ɗora biron a kan takarda ta uku, ya daɗe bai motsa ba, sannan ta rubuta masa hoto da wani gwajin jini.

Kafin mu tashi ta dubi kumatunsa, ta dubi nawa.

"Ku 'yan'uwa ne?"

Na ba ta labarin mu huɗu, da rumfa, har da kwaɗon. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan ciwo, in ya zauna a jiki har ya kai ga haka, yawanci tun mutum yana jariri ya same shi, ko daga uwa, ko daga aska ɗaya da ta bi jarirai da yawa. Ta ce yanzu ba wanda zai iya rantsewa ta ina ya shiga. Amma ba a Agege muka same shi ba, da shi muka sauka daga jirgi.

"Kai ma ka yi gwaji, Alhaji?"

Na ce zan yi. Ban yi ba.

Hoton ya nuna abin da hannuna ya riga ya faɗa. Kansa ce, ciwon daji, ta kama ɓangare biyu na hantar, ta wuce a yanke. Na koma ni kaɗai na tambayi likitar ko kwana goma sha taran nan da na yi shiru su suka kashe shi. Ta ce a'a, ba maganar kwanaki ba ce, ta shekaru ce. Wannan amsa ba ta wanke ni ba, don shekarun ma ina tsaye kusa da shi da idon nan nawa.

Ɗanjuma ya ƙi a kai shi gida kamar su Hamisu. Ya ce ba zai mutu a bayan mota ba. Muddin yana iya tafiya sai ya zo rumfa, a sa masa kujera a bakin ƙofa, yana tsokanar masu wucewa. Masu jiƙo da masu tofi suka yi ta zarya, ya kore su duka. Ya tara 'ya'yansa da matarsa ya tura su gwaji, waɗanda ba su da shi aka yi musu rigakafi. Ni kaɗai ya kasa turawa. Kullum ina da dalili: yau shanu sun shigo, gobe Iya Muinat tana da biki.

Da ya kasa fita, nakan biya gidansa bayan la'asar. Wata Laraba na same shi a jingine, ya koma fata da ƙashi, sai ciki. Ya yafito ni.

"Matso. Ƙara matsowa, ba cizo zan yi ba."

Na durƙusa. Ya ɗaga hannu da ƙyar, ya sa babban yatsa ya ja fatar idona ƙasa, ya leƙa. Ya taɓa ƙarƙashin haɓata. Ya ce in huro masa iska, na hura. Ya daɗe yana kallona da idanun nan masu ruwan ɗorawa.

"To, me ka gani?" na ce.

"Ban ga komai ba. Ni ban iya ba, Iro, ni mai yanka ne. Kai kaɗai ka iya a cikinmu, kuma ba ka jin warin bakinka." Ya sake ni. "Gobe ka je. Ka kawo mini takardar in gani da idona. In ba haka ba kada ka zo wankana."

Na je ranar Alhamis aka ɗebi jini aka yi hoto, aka ce in dawo Litinin. Ina da shi, kamar yadda kuka zata. Amma hantar tana nan da laushinta, ba ƙulli ko ɗaya. Tun daga lokacin nake haɗiyar ƙwaya ɗaya kullum, duk wata shida kuma in je in kwanta a shafa mini mai a ciki a duba. Dokar kara tana nan, ina bin ta a kan shanu. A kan mutum na daina. Na sha zagi a danfo saboda haka, wani har ya ce in sauka.

A ranar Litinin ɗin likitar ta nuna mini layin kitse a takardata, ta ce ya yi yawa sosai, kuma kada in ɗauka wannan lafiya ce, sai na rage tozo, mu saukar da shi a hankali tana kallo. Na ce na ji. Na ninke takardar na hau okada kai tsaye zuwa gidan Ɗanjuma, ina shirya yadda zan ce masa ga mai tumbin banza ya dawo.

Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gida, da takalma. Na sauka na tsaya. Wani tsohon mahauci, maƙwabcinmu a kwata, ya taso ya kama hannuna ya yi mini gaisuwa, ya ce tun hantsi ake nemana, ni ake jira a yi wanka. Sai ya ga takardar asibiti a ɗaya hannun.

"Alhaji, kai ma lafiya dai?"

"Kitse ne, an ce ya yi mini yawa."

"Assha. Allah ya saukar maka da shi."

Ban ce amin ba. Na sa takardar a aljihu, na naɗe hannun riga, na shiga.